Babi na Shida: Kwana Uku a Hanyar Ƙanƙara ta Kanada

Daga mararrabar Lake Louise zuwa garin Jasper, a lardin Alberta da ke yammacin Kanada, tafiyar kilomita 232 ce, kusan nisan Kano da Kaduna. Direban da bai tsaya ko'ina ba zai cinye ta cikin awa uku. Wannan lissafi ne yake yaudarar baƙi da yawa. Sai mutum ya duba taswira a ɗakin otal, ya ga abin ba nisa, ya ƙudurta zai je da safe ya dawo da yamma, ya ƙare yininsa rungume da sitiyari. Hanyar, wadda ake kira Icefields Parkway, lambarta kuma 93, ta ratsa tsakiyar duwatsun Rocky ne, kuma mai bin ta yana iya hango kogunan ƙanƙara sama da ɗari a rataye a jikin tsaunuka. Irin wannan hanya da kwanaki ake auna ta. Kwana uku shi ne adalci, biyu ma za su yi idan aljihu ya matsa.

Talauci ne ya haifi hanyar. A 1931, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, gwamnatin Kanada ta ɗebi marasa aiki kimanin 600 ta tura su cikin duwatsu, ana biyan kowannensu santi 20 a yini. Da diga da shebur da dawakai aka yi mafi yawan aikin, wasu sun taso daga kudu, wasu daga arewa, suna sarar daji da fasa dutse har suka haɗu. An buɗe ta a 1940 tana 'yar siririyar hanyar tsakuwa, sai a 1961 aka kammala faɗaɗa ta da zuba mata kwalta. Har yau an hana manyan motocin kaya bin ta. Daga farkonta zuwa ƙarshenta a cikin gandayen daji biyu na ƙasa take: Banff, wanda aka kafa a 1885 kuma shi ne na farko a Kanada, da Jasper, wanda ya biyo baya a 1907. Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin kayan gadon duniya a 1984.

Shiri yana farawa ne daga kalanda, domin wata guda yana iya canza tafiyar gaba ɗaya. Wanda ya zo a farkon Mayu da hoton shuɗin tafki a wayarsa zai tarar da farin fili, saboda tafkunan da ke can sama ba sa narkewa sai wajen watan Yuni. Launin nan da ya sa duniya ta san su yana cika ne a Yuli da Agusta, kuma a watannin nan biyu ne jama'a suka fi yawa, kuɗin masauki ya fi tsada, hayaƙin gobarar daji kuma yakan rufe tsaunuka na kwanaki. A ganin mai wannan rubutu, makonni uku na farkon Satumba sun fi kowane lokaci daɗi. 'Yan makaranta sun koma aji, sauro ya ragu, tafkuna suna nan da launinsu, kuma a ƙarshen watan wasu itatuwan da ke can saman dutse suna rikiɗewa su koma ruwan zinare kafin su zubar da ganye. Sai dai ko a tsakiyar Yuli dusar ƙanƙara tana iya sauka a wuraren da hanya ta hau sama, don haka rigar sanyi mai kauri da hula da safar hannu ba sa barin mota.

Hunturu kuwa wata duniya ce dabam. Daga 1 ga Nuwamba har zuwa ƙarshen Maris doka ta wajabta tayoyin ƙanƙara. Masaukai da shaguna na kan hanya galibi a rufe suke, sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma akan rufe hanyar kwana da kwanaki idan ana fargabar dusar ƙanƙara za ta zaftaro daga tsaunuka. Wanda bai taɓa tuƙi a kan santsin ƙanƙara ba, kada ya fara koyo a nan.

Ga matafiyi Musulmi akwai wani lissafin da littattafan yawon buɗe ido ba sa kawowa. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe biyar da rabi na safe, ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, kuma jan gari yakan daɗe bai gushe ba, har manhajojin salla su saɓa wa juna kan lokacin isha'i da asuba. Mafita mai sauƙi ita ce ya sauke jadawalin wani masallaci na Calgary ko Edmonton a wayarsa kafin ya shiga duwatsu. Alƙibla ma ba gabas ba ce kamar yadda aka saba a gida. Daga Alberta arewa ake fuskanta, a ɗan karkata zuwa gabas. Ruwan rafukan gefen hanya kuwa jiya-jiya ya narke, yana sa yatsu su ƙage cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa buta da fulas ɗin ruwan ɗumi suke da muhimmanci a cikin kaya. Alherin doguwar ranar shi ne mutum yana da awa goma sha shida na haske, yana iya isa wuraren da ake cunkoso tun kafin bas-bas su taso, ko bayan sun watse.

Yawancin baƙi a Calgary suke sauka, su ɗauki motar haya, su kama babbar hanyar da ta ratsa Kanada zuwa yamma. Garin Banff yana da nisan kimanin kilomita 130, Lake Louise kuma wasu 57 a gaba. Hannun dama ake bi, kamar a Nijeriya da Nijar, kuma ƙaramar mota ta isa a lokacin zafi domin hanyar kwalta ce lafiyayya. Yana da kyau a zo da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida, a kuma karanta takardar inshora da kyau a ga ko ta haɗa da gilashin gaba, saboda tsakuwa tana yawan tsalle daga tayoyin wasu. Kowace mota sai ta nuna tikitin shiga gandun daji na hukumar Parks Canada, ana kuma dubawa a ƙofofin da ke bakin hanyar ta kudu da ta arewa. Masaukan da ke tsakiyar hanya ba su da yawa, ɗakunansu na Yuli da Agusta sukan ƙare watanni kafin lokaci, haka ma filayen kafa tanti da ake kamawa ta intanet. Tafkin Moraine, wanda hotonsa ya taɓa zama a bayan takardar dala 20 ta Kanada, an hana motocin ɗaiɗaikun mutane zuwa wurinsa tun 2023. Sai dai a kama kujera a bas tun da wuri.

Abu biyu ne suka fi kama baƙo ba shiri: mai da sabis ɗin waya. Tsakanin Lake Louise da Jasper gidan mai ɗaya ne tak, a Saskatchewan River Crossing, kimanin kilomita 77 daga kudu, yana da tsada, kuma ba ya aiki da hunturu. Sabis kuwa yana ɗaukewa jim kaɗan bayan an bar Lake Louise, ba ya dawowa sosai sai dab da Jasper. A cika tanki, a sauke taswira a waya, a sayi abinci da ruwa, a kuma gaya wa wani inda za a kwana.

Yinin farko gajere ne a kilomita, amma a cikinsa ake koyon karanta ƙasar. Bayan tafiyar kilomita talatin da 'yan kai, sai ga kogin ƙanƙara na Crowfoot manne a jikin dutse a hannun hagu. Waɗanda suka raɗa masa suna sun gan shi da yatsu uku irin na ƙafar hankaka. Na ƙasan ya narke tun a ƙarnin da ya wuce, yanzu biyu suka rage. Gaba kaɗan Tafkin Bow yake, shimfiɗe a gefen kwalta, da tsohon masauki mai jan rufi da wani mafarauci kuma jagoran matafiya, Jimmy Simpson, ya gina a bakinsa. Daga wannan tafki Kogin Bow yake fita, ya gangara ya ratsa Banff da Calgary, inda mutane fiye da miliyan guda suke shan ruwansa da na ƙaninsa Elbow.

Daga nan hanya ta hau Bow Summit, wuri mafi tsayi a kanta, kimanin mita 2,070 sama da teku. Ana ajiye mota a taka 'yar gajeriyar hanya mai hawa, wanda bai saba da tsayi ba zai ji numfashinsa ya ɗan yi sama. A ƙarshenta akwai dandamali, a ƙasa kuma Tafkin Peyto, mai sunan Bill Peyto, wani jagora da ya zama ma'aikacin gandun. Launinsa tsakanin shuɗi da kore yake, mai kauri, har wasu sukan rantse an zuba masa rini.

Dalilin launin yana can sama a hannun hagu, inda ƙanƙara take. A wuraren da dusar da ke sauka da hunturu ta fi wadda ke narkewa da zafi, sai ta yi ta taruwa shekara a kan shekara. Nauyin ta sama yana matse ta ƙasa, ya fitar da iskar da ke cikinta, har ta zama ƙanƙara mai tauri, shuɗiya. Idan kaurinta ya kai wajen mita 30, sai ta fara rarrafe zuwa gangare a ƙarƙashin nauyin kanta. Tana tafiya tana jan duwatsun da suka maƙale a cikinta, tana gurzar ƙasan kwari da su, tana niƙa dutse ya zama gari mai laushin gaske. Ruwan narkewa ne yake kwaso garin ya zuba a tafki, kuma saboda rashin nauyinsa ba ya nutsewa da wuri. Yana nan yana yawo a cikin ruwa, hasken rana ya faɗa masa, shuɗi da kore su dawo wa ido. Shi ya sa launin yake ƙaruwa idan narkewa ta kankama. Wanda ya gane wannan zai fara ganin aikin ƙanƙara ko'ina. Kwarin da mota take bi mai faɗin ƙasa ne da bango a miƙe, domin ƙanƙara ce ta haƙe shi. Ruwa shi kaɗai matsattsen kwazazzabo yake yankawa, irin na Mistaya da ke gaba kaɗan. Ƙananan kwaruruka na gefe kuma an bar su a rataye can sama, shi ya sa ruwansu yake zubowa ta fuskar dutse. Tun tsakiyar shekarun 1960 masana suke auna ƙanƙarar Peyto kowace shekara, tana cikin waɗanda aka fi daɗewa ana bibiya a duniya, kuma ma'aunin asara yake nunawa kusan kullum.

A Saskatchewan River Crossing, inda ya dace a yada zango a daren farko, kwaruruka uku ne suka haɗu. Tun kafin zuwan Turawa al'ummomin asali na yankin, irin su Stoney Nakoda da Ktunaxa, suna bi ta nan don farauta da ciniki. Hanyoyinsu ne fataken fatu suka bi, ciki har da mai zanen taswira David Thompson, wanda ya tsallaka duwatsun ta mashigin Howse a 1807, aka kuma sa sunansa a hanya mai lamba 11 da ta ɓullo daga gabas ta haɗu da wannan a daidai wurin. Ko Tom Wilson, wanda ake cewa shi ne Baturen farko da ya ga Tafkin Louise a 1882, wani mutumin Stoney ne ya kai shi. Sunayen da ke kan alluna na baƙi ne galibi, amma waɗanda suka san hanyar tun farko su ne 'yan ƙasa.

Yini na biyu shi ne zuciyar tafiyar, kuma shi ya fi cancantar a tashi da sassafe. Hanya ta wuce ƙarƙashin wani bangon dutse da ruwa ke tsiyaya a fuskarsa ta wurare da dama, sannan ta yi wata babbar kwana ta fara hawa ba ƙaƙƙautawa. Iyakar gudu kilomita 90 ce a awa, ana rage ta a wuraren taruwar jama'a. A gangare a sa ƙaramar giya, kada a dogara da birki kaɗai har ya yi zafi. Kafin a isa mashigin Sunwapta, iyakar gandayen biyu, akwai wata tashar mota da mutane da yawa suke wucewa, alhali tana cikin mafi riba a duk hanyar. Daga nan ake hawa Parker Ridge, tafiyar ƙafa ta kusan kilomita biyar da rabi zuwa da dawowa, hawan mita 250. Itatuwa suna gajarta har su ƙare, iska ta fara kaɗa riga, sai a leƙa bayan tudun a ga kogin ƙanƙara na Saskatchewan kwance a kwari, tsawonsa kimanin kilomita 13, da baƙin layin tsakuwa a tsakiyarsa. Akan rufe wannan hanyar ƙafa har sai dusa ta bushe, galibi zuwa farkon Yuli, don kada a tattake tsirran da suke daɗewa kafin su farfaɗo.

Abin da ke ciyar da wannan kogi da 'yan'uwansa shi ne filin ƙanƙara na Columbia, mafi girma a duwatsun Rocky, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 200, kaurinsa a wasu wurare ya wuce mita 300. Dusar da ke sauka a kansa a shekara takan kai mita bakwai. Daga hanya ba a ganinsa, yana can sama a bayan tsaunuka, sai harsunan da ya zuro ta tsakaninsu. Masu hawan dutse biyu daga Birtaniya, J. Norman Collie da Hermann Woolley, su ne suka fara ba da labarinsa a rubuce bayan sun hau Dutsen Athabasca a 1898 suka hango shi. A gefensa Dutsen Columbia yake, mita 3,747, mafi tsayi a Alberta. Akwai kuma wani tsauni mai farin kai, Snow Dome, wanda ruwansa yake rabuwa gida uku: wani ya bi Kogin Columbia zuwa Tekun Fasifik, wani ya bi Athabasca da Mackenzie zuwa Tekun Aktik, wani ya bi Saskatchewan ya ratsa gonakin alkama zuwa Mashigin Tekun Hudson.

Harshen da ya fi kusa da kwalta shi ne na Athabasca, tsawonsa kimanin kilomita shida. A wajen 1844 bakinsa ya kai inda cibiyar baƙi take a yau, a tsallaken hanya. Yanzu sai an tuƙa mota an ratsa wani fili na tsakuwa da laka, an ajiye ta, an taka da ƙafa. A gefen hanyar an kafa ƙananan alluna, kowanne da shekara a jikinsa, yana nuna inda ƙanƙarar ta tsaya a lokacin. Ga 1908 can kusa da kwalta. Ga 1948. Ana wuce 1982 ana haki, ana wuce 1992, kuma har yanzu da sauran tafiya. Dattijo yana iya tsayawa a kan shekarar haihuwarsa, ɗansa ya yi gaba ya tsaya a kan tasa, su dubi tazarar da ke tsakaninsu. A ƙarƙashin takalmi dutsen a goge yake sumul, da dogayen zane-zane duk sun nufi gangare, sawun duwatsun da ƙanƙara ta ja a kansa. Iska mai sanyi tana gangarowa daga saman ƙanƙarar ba ta tsayawa, ko da rana tana dukan ƙeya. Gaba ɗaya kogin ya ja baya fiye da kilomita ɗaya da rabi, ya rasa sama da rabin jikinsa, kuma kaurinsa yana raguwa da kimanin mita biyar a shekara.

Wani bincike da Garry Clarke na Jami'ar British Columbia ya jagoranta, aka wallafa a 2015, ya yi hasashen cewa kafin 2100 ƙanƙarar yammacin Kanada za ta ragu da kashi 70 cikin ɗari idan aka kwatanta da 2005, kuma ta duwatsun Rocky ce za ta fi shan wuya. Maganar ta wuce ta masu ɗaukar hoto. A ƙarshen lokacin zafi, idan dusar shekara ta gama narkewa, ruwan sama kuma ya yi ƙaranci, tsohuwar ƙanƙarar nan ce take riƙe koguna kada su ƙafe, daidai lokacin da manoma da garuruwa suka fi buƙatar ruwa.

Hawa kan ƙanƙarar kanta hanya biyu ce. Akwai manyan motoci masu tayoyi da suka kusa tsayin mutum, suna ɗaukar jama'a daga Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, su sauke su a wani shararren fili na ɗan lokaci. Tikitin yakan haɗa da wata gadar gilashi da aka buɗe a 2014, mita 280 sama da kwarin Sunwapta. A ranar 18 ga Yuli, 2020, ɗaya daga cikin motocin ta kife a gangare, mutum uku suka rasu, 24 suka ji rauni, bayan nan ne aka sanya wa kujerun bel. Ga tsofaffi da masu ƙananan yara, motar ce kaɗai hanya, kuma ba laifi. Amma mai ƙarfin ƙafa ya fi samun riba idan ya biya jagora mai lasisi ya taka da shi. Za a ɗaura masa ƙarafa a takalmi, ya ji ƙarar ruwa na gudu a ƙarƙashinsa, ya leƙa ramukan da rafuka suke faɗawa su ɓace cikin shuɗin duhu. Abin da ba a yi ko kusa shi ne tsallake igiyar da aka gitta a bakin ƙanƙarar ba tare da jagora ba. Akwai tsage-tsage masu zurfi da siririyar dusa take rufewa, kuma mutane sun faɗa ciki, har da yara, sanyi ya kashe su kafin masu ceto su iya zaro su.

Wanda ya kwana a wannan yanki zai samu abin da masu sauri ba sa samu. Da yamma bas-bas sun tafi, filin ya zama na mutane ƙalilan. A 2011 aka ayyana gandun Jasper a matsayin wurin da ake kare duhun dare daga hasken lantarki, kuma taurarin da ake gani daga nan sun isa dalilin kwana.

Dabbobi ma suna cikin lissafin lokaci. A babbar hanyar da ta ratsa Banff an yi shinge, an gina wa namun daji gadoji shida da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa 38, abin da ya rage karo da su da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Wannan hanyar kuwa ba shinge. Tumakin dutse masu naɗaɗɗen ƙaho sukan tsaya a tsakiyar kwalta suna lasar gishiri, fararen awakin dutse sukan sauko wani gefen tudu kudu da Jasper suna cin ƙasa mai kanwa, beyar baƙa da babbar beyar grizili sukan fito bakin hanya cin 'ya'yan itace a Yuli da Agusta. Ƙa'idar Parks Canada ita ce mita 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, mita 30 tsakaninka da barewa da tumaki. Ba su abinci laifi ne da tararsa take iya kaiwa dala 25,000 ta Kanada, kuma dalilin yana da nauyi: dabbar da ta saba da abincin mutane takan fara bin mutane, ƙarshenta sau da yawa harbi ne. Mai shiga daji da ƙafa ya riƙe feshin barkono na korar beyar a inda hannu zai kai da sauri, ya riƙa magana da ƙarfi yana tafiya. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne a duk gandun.

Yini na uku gangara ne, kimanin kilomita 103 zuwa Jasper. Ana tsayawa a magangarar ruwa ta Sunwapta, sannan ta Athabasca, mai tsayin mita 23, wadda ƙarfinta ya fi tsayinta ban tsoro. Farin ruwa mai garin dutse yana matsewa cikin kwazazzabo yana ruri, kuma duwatsun bayan shinge santsi gare su. Daga wajen nan ne launin ƙasa yake canzawa. A ranar 22 ga Yuli, 2024, tsawa ta tayar da wuta a dajin, a daren aka kwashe mutane kimanin 25,000, mazauna da baƙi. Bayan kwana biyu wutar ta shiga garin Jasper ta cinye gine-gine 358 cikin 1,113, kusan kashi ɗaya cikin uku, wani matashi ɗan kwana-kwana kuma ya rasa ransa a fagen aikin. Matafiyi zai ratsa tsaunuka da baƙaƙen kututture a tsaye, da jan fure da sabuwar ciyawa suna ɓullowa a ƙarƙashinsu. Garin da baƙi yake rayuwa, kuma mutanensa suna son a zo. Sai dai ɗakuna sun ragu, wasu hanyoyin ƙafa an rufe su don gyara, saboda haka a duba sanarwar Parks Canada kafin a tsara yinin, a kuma tuna cewa mai kawo abinci a tebur yana iya kasancewa cikin waɗanda gidajensu suka ƙone.

Wanda yake da sauran yini guda ya nufi Tafkin Maligne, kimanin kilomita 48 daga gari. Mary Schäffer, wata Ba'amurkiya daga Pennsylvania, ta isa wurin a 1908 da taswirar da wani mutumin Stoney, Samson Beaver, ya zana mata da ka, bisa abin da ya tuna daga zuwan da ya yi yana yaro.

Daga Jasper zaɓi ya rage ga matafiyi. Yana iya juyawa ya sake bin hanyar zuwa kudu, kuma ba asara ba ce, domin fuskokin tsaunukan da ya bari a bayansa su ne yanzu za su tare shi. Yana iya kama hanya mai lamba 16 zuwa Edmonton, kimanin kilomita 365 a gabas, amma ya tambayi kamfanin haya tun farko nawa za su caje shi idan ya ajiye motar a wani gari dabam, domin kuɗin yakan yi yawa. Jirgin ƙasa na VIA Rail da ke zirga-zirga tsakanin Toronto da Vancouver ma yana tsayawa a Jasper, sau biyu a mako ta kowace fuska. Wanda ya zaɓi Edmonton zai tarar da Kogin North Saskatchewan ya raba birnin biyu, shi ne ruwan famfonsu, kuma a gaɓarsa, cikin gidan tarihi na Fort Edmonton Park, an adana ginin Al-Rashid, masallacin farko da aka gina a Kanada, wanda aka buɗe a 1938.